Riga Biyu Iri Ɗaya

Akwai wata malamar makaranta da kowa a danginsu yake kira Yaya. Ita ce babba a ɗakinsu, sai ƙannenta maza biyu, Dogo da Auta. Mahaifinsu ya rasu. Mahaifiyarsu, wadda suke kira Mama, ta tsufa, idonta ya yi rauni, tana zaune a gidan Yaya a ɗakin da ke kusa da kicin.

Na san da yawanku kuna ɗokin hutun ƙarshen shekara, lokacin da makarantu suke rufewa, ma'aikata su ɗauki hutu, 'yan'uwa su taru a ci a sha. Abokan aikin Yaya ma haka suke. Ranar rufe makaranta za ka same su a ofishin malamai suna ta shewa. Wannan ta ce barci za ta yi har sai katifa ta yi ƙararta, waccan ta ce ko jan biro ba ta son gani sai an dawo.

Ita kuwa Yaya, a ranar ciwon kanta yake farawa.

Dalili shi ne Dogo da Auta ba sa magana da juna.

Lokacin da mahaifinsu ya kwanta ciwon ajali, Dogo yana aiki a wani gari mai nisa. Auta ne yake jinya. Tsohon ya hana a kira Dogo, ya ce kada a tayar masa da hankali, zai warke. Auta ya bi maganarsa. Kafin Dogo ya iso, an riga an binne.

A bakin ƙofa, gaban mutane, Dogo ya ce, “Ka hana ni ganin ubana.”

Auta, wanda ya yi makonni bai yi barcin kirki ba, ya ce, “Ai ka san hanyar gida.”

Daga wannan rana ba su sake haɗa ido ba. Dogo ya daina kiran sunan ƙaninsa, sai dai ya ce “yaron nan”. Auta kuma in zai ambaci wansa a gaban Yaya, sai ya ce “mutuminki”.

To shi ya sa Yaya take yin hutu sau biyu a kowace shekara.

Dogo zai zo da matarsa da 'ya'yansa su yi kwanaki. Kafin su iso, ta ɗauke hoton auren Auta daga kan kantar falo ta jefa a durowa. In sun tafi, ta wanke zannuwan gado, ta goge gidan, ta leƙa ƙarƙashin kujeru ko yaran sun manta ƙwallo ko takalmi. Sai ta fito da hoton Auta, ta ɓoye na Dogo, ta koma kasuwa ta sake sayayya daga farko.

Matar Dogo ba ta cin yaji. Matar Auta kuwa in babu yaji sai ta ture faranti ta ce ta ƙoshi. Duk wannan yana kan Yaya, kuma ba ta taɓa yarda wani ya taya ta ba. In matan ƙannenta suka leƙo kicin, sai ta kore su da murmushi.

“Ku je ku zauna, ku baƙi ne.”

Amma girki da wanki ba su ne suka fi cin ta ba. Abin da ya fi cin ta shi ne saƙo.

Ita ce wayar da ke tsakanin ƙannen nan biyu. Dogo zai ce, “Ki gaya wa yaron nan maganin da yake saya wa Mama ba shi da kyau, in ba zai iya ba ya bari.” Yaya ta kira Auta ta ce, “Yayanka yana gaishe ka, ya ce ko za a gwada wa Mama wani maganin?”

Auta zai ce, “Ki gaya wa mutuminki wanda bai yi jinyar uba ba, ba zai koya min jinyar uwa ba.” Yaya ta kira Dogo ta ce, “Auta ya ce ya gode, zai duba.”

Maganar tana shiga kunnenta da ƙaya, ta fito daga bakinta sumul. Ina ƙayar take tafiya? Wannan tambayar ce ba wanda ya taɓa yi.

Sannan akwai wani abu da ta ƙirƙiro da kanta. Duk shekara kafin hutu, takan shiga shago ta sayi abu biyu iri ɗaya. Wata shekara turare, wata shekara agogo. Ta aika wa Dogo ɗaya ta ce, “Auta ne ya ce a ba ka.” Ta kai wa Auta ɗaya ta ce, “Yayanka ya aiko maka.”

A tunaninta, wata rana zuciyar ɗayansu za ta yi laushi ya ɗauki waya. Sai dai Dogo in ya karɓa, sai ya juya abin a hannu ya ce, “Ashe dai ya san ya yi laifi. To ya tako da ƙafarsa ya faɗa da bakinsa.” Auta kuma ya yi murmushi ya ce, “Kunya ce take damunsa. Ina nan, ya san inda nake.”

Kowa ya gyara zama yana jiran ɗan'uwansa, ita kuma tana ta sayen kyauta.

Jikinta ya daɗe yana yi mata magana. Da hutu ya gabato sai wuyanta ya sandare. Abinci ya daina shiga, sai shayi mai kauri, kofi bayan kofi. Wata shekara haƙorinta ya tsage, likitan haƙori ya ce cizon haƙora take yi a cikin barci.

Daga baya aka gano tana da hawan jini, aka ɗora ta a kan magani. Tana sha a lokacin makaranta. Amma ƙwayar tana sa ta yawan zagayawa banɗaki, kuma mai yawon kasuwa da tsayuwa a kan tukunya ba ta da wannan lokacin. Saboda haka da hutu ya zo sai ta tura kwalin bayan gwangwanin sukari, ta ce sai baƙi sun tafi.

Mijinta mai gyaran firiji ne, mutum mai sanyin hali da son zolaya. Ya sha gaya mata.

“Malama, ni fa firiji nake gyarawa. Wanda injinsa ba ya tsayawa ya huta, shi ake kawo min a ƙone.”

“To ni ba firiji ba ce.”

“Ai da firiji ce ke da na ji daɗi, da na zare ki daga wuta na huta.”

Sai ta yi dariya ta ci gaba da abin da take yi.

A shekarar da nake ba ku labari, abin ya zo da sabon salo. Wurin aikin Dogo suka rage masa hutu, ya ce yini ɗaya tak zai iya zuwa. Auta kuma zai kai iyalinsa wurin surukansa, ya ce shi ma yini ɗaya gare shi. Da Yaya ta duba, sai ta ga rana ɗaya suka zaɓa.

Ta kira Dogo, ta lallaɓa.

“Ki ce wa yaron nan ya canza,” in ji Dogo. “Ni ne babba.”

Ta kira Auta.

“Ki ce wa mutuminki ni ma ina da iyali. Kullum ni ne mai matsawa?”

Yaya ta zauna a bakin gado da waya a hannu, tana jin jijiyar gefen kanta tana bugawa. Daga ƙarshe ta yanke shawara. Dogo zai zo cin abincin rana, Auta ya zo da yamma bayan ya tafi. Ta gaya wa kowannensu cewa ɗan'uwansa ne ya ce a bar masa lokacin da ya fi so.

Kyautar bana rigar sanyi ce, ruwan ƙasa, mai layi fari a ƙirji. Mijinta ne ya kai ta shagon, yana tsaye yana girgiza kai tana zaɓar guda biyu. Ta aika wa kowa tasa tun da wuri, ta ƙara da cewa, “Ka sa ta ranar da za ka zo, Mama ta gani ta ji daɗi.”

Ana saura 'yan kwanaki, Mama ta kira ta ɗaki.

“'Yar nan, bana ma ba za a yi min hoto da ku duka ba?”

“Za a yi, Mama. Wata shekarar.”

“Wata shekarar,” in ji Mama, tana shafa gwiwarta. “To Allah Ya kai mu.”

Yaya ta fito ta tsaya a kicin, ta buɗe famfo don kada a ji kukanta. Tausayin tsohuwar ya kama ta, haushin ƙannenta ya kama ta, sannan ta ji haushin kanta da ta kasa gyara abin.

A benen da ke saman nasu akwai wata ma'aikaciyar jinya da kowa yake kira Nas. Ta haɗu da Yaya a kan matakala, Yaya ta ajiye ledojin kasuwa ta dafa bango tana haki.

“Maƙwabciya, lafiya? Idonki ya yi ja.”

“Gajiya ce kawai.”

Nas ba ta saurare ta ba. Ta hau ta ɗauko abin awon jini, ta zaunar da ita a falo ta ɗaura mata a hannu. Da ta ga abin da ya nuna, ta sake aunawa. Fara'ar fuskarta ta ɗauke.

“Kina shan maganinki?”

Yaya ta kalli gefe.

“Na tambaye ki.”

“Zan ci gaba bayan hutu.”

“Bayan hutu? Wa ya ba ki tabbacin bayan hutu? Wallahi da a asibiti na ga wannan awon, ba zan bar ki ki tafi gida ba. Ki sha maganinki yanzu ina kallo, gobe ki je ki ga likita.”

Yaya ta ɗauko kwalin daga bayan gwangwanin sukari ta haɗiyi ƙwaya ɗaya. Nas ta ci gaba da faɗa. Ta ce ta rage shayin nan, ta kwanta da wuri, ta riƙa fita tana taka ƙafa ko da zagaye unguwa ne. Ta ce ta raba aikin, kowace mata ta zo da tukunya ɗaya daga gidanta. Ta ce ta kashe waya in za ta huta.

“Sannan ki koyi cewa ba zan iya ba. Faɗi in ji.”

Yaya ta yi dariya. “Ni ce babba, Nas. In na ce ba zan iya ba, wa zai iya?”

“Su iya mana. Jarirai ne? Kowannensu da gemunsa.”

Washegari Yaya ba ta je ganin likita ba. Akwai kaji da za a gyara, akwai labule da za a wanke. Kwalin maganin ya koma bayan gwangwanin sukari.

Ranar ta zo.

Tun da safe tana yanka albasa ta ji yatsun hannunta na dama sun yi nauyi, kamar ta kwanta a kansu. Ta yarfe hannun, ta sha maganin ciwon kai, ta ɗora da shayi. Mijinta ya ce ta zauna ya kira Nas. Ta ce in ya kira Nas ba za ta yi masa magana ba har a koma makaranta.

Dogo ya iso da iyalinsa, sanye da rigar sanyi ruwan ƙasa. Ya durƙusa ya gaida Mama. Mama ta shafa rigar ta ce, “Ta yi maka kyau.”

“Yaron nan ne ya aiko,” in ji Dogo, yana ɗaga kafaɗa.

Mama ta janye hannunta daga rigar.

Aka ci abinci, yara suka cika gidan da gudu. Dogo ya baje a kujerar da mahaifinsu yake zama a kai da, wadda aka kawo gidan tare da kayan Mama, ya shiga ba da labarin wurin aiki. Yaya tana kaiwa da komowa tsakanin falo da kicin, ido ɗaya a kan agogon bango. A kan murhu kuma ga tukunya ta biyu, mai yaji, ta rufe ta da kyau don kada ƙamshin ya tona mata asiri.

Lokacin tafiyar Dogo ya yi, bai motsa ba.

“Hanya fa da nisa,” in ji Yaya.

“Korata kike yi, Yaya? Kawo mana shayi tukuna.”

Tana zuba shayin wayarta ta yi ƙara. Auta ne.

“Yaya, mun fito da wuri. Yara sun dame ni, mun ma kusa.”

Ta buɗe baki za ta ce ya ɗan tsaya a hanya, ya sayo mata wani abu, ko me. Kalmar ta ƙi fitowa daidai. Ta ji harshenta ya cika mata baki. Auta ya ce, “Ba na jin ki sosai, sai mun iso,” ya kashe.

Ta ɗauki tiren shayin. Ta yi taku biyu. Hannun dama ya saki.

Ƙarar fashewar kofuna ce ta kawo su. Suka same ta a ƙasa, ta jingina da firiji, tana ƙoƙarin tattara fasassun kofuna da hannun da ba ya jin maganarta. Gefen bakinta ya karkace. Tana ta son ta ce wani abu, ba wanda ya gane. Daga baya mijinta ya ce yana jin cewa take a ɓoye tukunyar.

Mijin ya ruga ya kira Nas. Nas ta kalle ta sau ɗaya ta ce, “Kada wanda ya ba ta ruwa ko magani. Asibiti, yanzu. Kowane minti yana da muhimmanci.”

Dogo ya ɗauki yayarsa kamar yarinya ya sauka da ita matakala. Ya yi mamakin rashin nauyinta. Bai san ta rame haka ba, don bai taɓa tsayawa ya kalle ta da kyau ba.

Motarsu ba ta daɗe da tashi ba Auta ya iso. Ya tarar da ƙofa a buɗe, matar Dogo tana share gilashi tana kuka, Mama tana zaune a bakin gadonta ta riga ta yafa mayafi.

“Kai ni wurin 'yata,” in ji Mama.

A asibiti aka shige da Yaya ciki, aka bar su a wani dogon baranda mai kujerun ƙarfe. Dogo yana tsaye ya haɗa kai da bango. Mijin Yaya yana zaune ya riƙe takalminta ɗaya da ya faɗi a mota. Sai ga Auta ya shigo riƙe da hannun Mama.

Dogo ya juyo. Auta ya tsaya cak.

Riga ruwan ƙasa, layi fari a ƙirji. Wannan ya kalli ta wancan, wancan ya kalli ta wannan. Wata mata da ke zaune a gefe ta dube su ta yi murmushi, ta ɗauka 'yan'uwa ne masu son juna har suke sa kaya iri ɗaya.

Dogo ne ya fara magana, amma ba da Auta ba. Ya kalli mijin Yaya.

“Ka ga yaron nan? Ya aiko min riga, ya saya wa kansa irinta.”

“Ni na aika masa?” in ji Auta, shi ma yana kallon mijin Yaya. “Shi ne ya aiko min.”

Mutumin nan mai sanyin hali, wanda ba su taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya miƙe da takalmin matarsa a hannu.

“Kada wanda ya sake kallona. Ni ba zan ɗauki saƙonku ba. Mai ɗaukar saƙonku tana ciki, ba ta iya magana.”

Ya nuna su da takalmin, ya ci gaba.

“Ba wanda ya aika wa wani komai. Ni na kai ta shagon. Agogon da ke hannunka, Dogo, ita ta saya. Kai ma Auta, naka yana gida, iri ɗaya ne. Turaren ma ita ce. Gaisuwar da take kawo muku duk ita take ƙirƙira. Zagin da kuke ba ta ku ce ta kai, kun taɓa tambayar inda take kai shi? Ba ta kai wa kowa. A jikinta take ajiyewa.”

Muryarsa ta karye, amma bai tsaya ba.

“Kowace shekara ku zo ku ci, ku sha, ku miƙe ƙafa, ku ce kun yi hutu. Ita ta daina shan maganinta don ta samu ta tsaya muku a kan tukunya. Ni ma da laifina, da na gani na tsaya zolaya. To ga shi nan. Kun ji daɗi?”

Dogo ya kalli agogon da ke hannunsa. A hankali ya ce, “Ni da nake cewa haƙuri yake ba ni.”

Auta ya zauna a kujerar ƙarfe kamar an tura shi. “Ni ma na ɗauka kai ne kake nemana.”

Sai Mama ta yi magana. Ba ta ɗaga murya ba.

“Idona ne ya mutu, ba hankalina ba. Na san ita take saye. Ina jin ta tana buɗe famfo tana kuka. Na yi shiru, saboda ina jin daɗi in an ce min Dogo ya aika wa Auta abu. Na san ƙarya ce, amma ina jin daɗinta. Na bar 'yata tana ɗauke da ku don in samu abin da zan kwanta da shi.”

Ta goge ido da gefen mayafi.

“In ta tafi, ban san wanda zan fara yafe wa ba, ku ko ni.”

Suka zauna a jere, riga biyu iri ɗaya da tsohuwa a tsakaninsu, har likita ya fito.

Ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ne ya jawo. Ya ce saurin kawo ta da aka yi ya taimaka, za ta rayu. Magana za ta iya dawowa a hankali. Hannun kuwa, ya ce ba zai yi musu alkawari ba.

Kwanaki suka wuce. Dogo ya kira wurin aikinsa, sai ga shi hutun da aka ce ba zai samu ba ya samu. Auta ya fasa tafiya wurin surukai. Suna zuwa asibiti kullum, ɗaya ya tsaya a wannan gefen gadon, ɗaya a wancan. Kowa yana yi wa Yaya sannu, kowa yana gyara mata filo, amma har yanzu ba su yi wa juna magana ba. Abin da aka daɗe ana yi ba ya fita a jiki da wuri.

Yaya tana kallonsu. Kalma ɗaya-ɗaya take iya fitarwa, da ƙyar.

Wata rana da hantsi Auta zai tafi ya ɗauko Mama, sai ya tuna motar Dogo ta tare tasa a wurin ajiye motoci. Ba tare da ya yi tunani ba ya sunkuya kusa da kunnen yayarsa, kamar yadda ya saba.

“Yaya, ki ce wa mutuminki ya...”

Bai ƙarasa ba. Ya ji abin da yake faɗa, kunya ta rufe shi.

Yaya ta ɗaga hannun hagu, wanda yake aiki, ta nuna ɗaya gefen gadon. Ta tattara duk ƙarfinta. Bakin ya karkace, kalmomin suka fito a jagule, amma kowa a ɗakin ya ji su.

“Ga shi nan. Faɗa masa da kanka. Ni ba zan iya ba.”

Nas, wadda ta zo dubiya tana tsaye a bakin ƙofa, ta rufe baki da hannu.

Auta ya ɗago ya kalli wansa.

“Yaya Dogo, motarka ta tare ni.”

Dogo ya laluba aljihu ya ciro makullin mota. Ya ce, “Mu je in matsar.”

Suka fita tare. Sun daɗe ba su dawo ba. Mai gadin wurin ya ce ya ga mutum biyu a tsakanin motoci suna ta ɗaga wa juna murya, har ya yi niyyar shiga tsakani, sai ya ga ƙaramin ya fashe da kuka, babban ya tsaya yana kallon sama. Yaya ba ta tambayi abin da suka ce wa juna ba, kuma har yau ba ta tambaya ba.

Ba zan ce muku sun koma kamar da ba. Har yanzu sukan yi musu, wani lokaci ɗaya ya kashe wa ɗaya waya. Amma yanzu wayar juna suke kira.

Hutun da ya biyo baya, sau ɗaya aka yi shi. Matar Dogo ta zo da tukunyarta marar yaji, matar Auta ta zo da tata, kowa ya ci wadda yake so. Maza suka wanke kwanuka suna gardamar wanda ya fi iyawa. Kwalin magani ya bar bayan gwangwanin sukari ya dawo kan tebur inda kowa yake gani. Da yamma mijin Yaya yakan riƙe ta su zagaya unguwa a hankali, wayarta kuma tana gida a kashe.

Ta koma makaranta daga baya. Da hannun hagu take rubutu a allo yanzu, haruffan suna karkacewa kamar na mai koyo. Hannun dama bai dawo ba.

Mama ta samu hotonta. Tana zaune a tsakiya, Dogo da Auta a tsaye a bayanta, Yaya a gefenta a kan kujerar mahaifinsu. An sa hoton a kan kantar falo, ba a ɓoye shi in wani zai zo. Duk baƙon da ya gani sai ya ce, kai, wannan iyali sun burge ni.

Yaya kuwa in ta kalli hoton, hannunta take gani, kwance a kan cinyarta inda mijinta ya ajiye mata shi kafin a ɗauka.

Darasi: Hutu an yi shi ne don a huta, har da mai girkin da mai sasanta mutane. Damuwar da ka haɗiye don kowa ya ji daɗi ba ɓacewa take yi ba, a jikinka take taruwa. Kada ka ajiye maganinka saboda baƙi, kada ka raina ciwon kai da rashin barci, ka raba aiki, ka bar manya su faɗa wa juna maganarsu da bakinsu, kuma ka koyi cewa ba zan iya ba tun bakinka yana iya faɗa. Ku kuma da ake yi wa hidima, ku leƙa kicin ku kalli fuskar mai yi muku. Ku tura wannan labari ga Yayar gidanku, sannan ku tura wa waɗanda take ɗauke da su.